Ra'ayi: Kafin ka kwafi saitin MySQL daga intanet, duba sunan tukuna

Matasa da yawa a wayarsu suke koyon haɗa manhaja yanzu. Wani ya saka Termux ya ɗora MariaDB, wani ya kama hayar ƙaramar saba yana sarrafa ta daga waya. Duk wanda ya bi wannan hanya, wata rana sai ya buɗe fayil ɗin saiti mai suna my.cnf. A nan ne da yawanmu muke yin ganganci: mu nemo wani tsohon darasi, mu kwafi layukan da ke ciki, mu liƙa, mu sake kunna sabar. Sai ta ƙi tashi, ta ce "unknown variable". Daga nan sai a fara zagin MySQL.

Ni kuwa a ganina, wannan ƙin tashin gata ne ta yi maka.

Sunayen saiti ba sa zama wuri ɗaya. Ɗauki query_cache_size. Shekaru ana ba da shawarar a saka shi don rumbun bayanai ya yi sauri, amma MySQL 8.0 da ta fito a 2018 ta cire shi gaba ɗaya. MariaDB kuwa, wadda aka ɓalle da ita daga MySQL a 2009, har yanzu ta san shi. Ke nan layi ɗaya zai yi aiki a wayarka, ka kai shi sabar da ke ɗauke da MySQL 8.0 ya hana ta tashi. Marubucin darasin bai yi ƙarya ba, siga ce ta bambanta.

Akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Kafin 8.0, tsarin haruffan da MySQL ke zuwa da shi shi ne latin1, wanda bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Idan ba ka canza shi ba, "ƙasa" da "ɗalibi" ko dai rumbun ya ƙi karɓarsu, ko harafin farko ya koma alamar tambaya. Sunan da ke gyara wannan a sashen mysqld shi ne character-set-server. Amma akwai wani mai kama da shi, default-character-set, wanda wurinsa sashen client ne. Tun daga 5.5 sabar ta daina karɓar sa a nata sashen. Kama da wane ba ta wane.

Haka abin da za ka rubuta a gaban sunan. A MySQL, utf8 ba cikakke ba ne, bait uku kawai yake ɗauka ga kowane harafi. Haruffanmu masu ƙugiya za su shiga, amma emoji ba zai shiga ba. Don haka utf8mb4 ake sakawa.

Wani zai ce ai akwai dabara: ka saka loose- a gaban sunan, sabar za ta tashi ko da ba ta gane shi ba. Gaskiya ne, kuma yana da amfani ga mai fayil ɗaya da ke yawo tsakanin siga daban-daban. Amma idan don ka rufe bakin kuskure ka saka shi, ka cuci kanka. Ka ce ka manta harafi ɗaya a character-set-server a kan 5.7. Sabar za ta tashi lafiya, ta ajiye gargaɗi a fayil ɗin da ba ka karantawa, ta ci gaba da latin1. Sai bayan wata biyu ka ga sunayen kwastomominka cike da alamar tambaya. Harafin da aka riga aka adana a haka ba ya dawowa, sai dai ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Sabar da ta ƙi tashi minti goma za ta ci maka. Wannan kuwa amanar mutane ce.

Abin yi ba shi da wahala. Fara da mysqld --version, ka san da wa kake magana. Sannan mysqld --verbose --help zai jero maka sunayen da sigarka ta sani, wanda babu shi a nan kada ka saka. Daga MySQL 8.0.16 akwai mysqld --validate-config, mai duba fayil ɗin ba tare da an kunna sabar ba. Bayan ta tashi, yi amfani da SHOW VARIABLES ka tabbatar abin da ka rubuta shi ke aiki. Ka riƙa canza layi ɗaya a lokaci ɗaya, ka kuma ajiye kwafin tsohon fayil ɗin.

Wannan ya haɗa da amsar da manhajojin AI ke bayarwa, don su ma sukan kawo sunan da aka daɗe da cirewa. Darasi na nuna maka hanya ne, amma sabar da ke gabanka ita ta san sunayenta. Tambaye ta kafin ka liƙa.