Agogon zamani na ƙirga bugun zuciya, amma bai san yaron da ke jin tsoro ba

Yanzu ɗalibi kan zo filin wasa ya riga ya kalli bidiyo goma a YouTube kan bugun fenareti. Wani ma da agogon zamani a hannu, yana ƙirga masa taku da bugun zuciya. Malamin wasanni na cikin bayani, sai yaro ya ce ai ba haka ya gani a TikTok ba. Nan ake gane malamin da ya yarda da kansa.

Wasu na ganin maganin shi ne a raba wa malamai na'urori da manhajoji irin su Strava. Suna da amfani, amma matsalar ba a nan take ba.

A 1977, masanin halayyar ɗan'adam Albert Bandura ya bayyana cewa yardar mutum da iyawarsa na fitowa daga wurare huɗu: nasarar da ya taɓa samu, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafa gwiwa daga mutane, sai kuma yanayin jikinsa da zuciyarsa a lokacin aiki. Na ƙarshen ne aka fi mantawa da shi. Malamin da zuciyarsa ke tafasa da zarar an musa masa zai fara ɗaukar wannan tafasar a matsayin shaidar cewa bai iya ba. Daga nan sai tsawa, sai horo da tsallen kwaɗo, sai darasin ya koma "ga ƙwallo nan, ku je ku buga."

Filin wasa kuwa ba kamar aji ba ne. Wanda ya faɗi lissafi, shi da takardarsa ne. Wanda ya zo na ƙarshe a tsere, kowa na kallo, kuma yau akwai mai ɗauka da waya. Malamin da ke iya karanta fuska shi zai gane cewa yaron da ya ce ƙafarsa na ciwo dariyar abokai yake gudu. In ya lallashe shi ya dawo fili, malamin ya samu irin nasarar da Bandura ya sa a farko.

Masu waya ma suna da nasu laifin. Bidiyon daƙiƙa goma na malami ya zame a gaban ɗalibai, in ya zagaya WhatsApp, ya isa ya sa gobe ya ƙi nuna atisaye da kansa, ya koma tsayawa a inuwa yana busa usur.