Tagullar da Aka Raba da Raminta

Akwai wata ɗabi'a ta dillalan tsoffin sulallan Rumawa da ta hana ni sakat. In za su yi tallar kwandalar tagulla guda, ba abin da suke bari a baya: nauyinta, sunan sarkin da kansa ke jiki, garin da aka buga ta, ko Rum ko Iskandariya ko Kartaj, haruffan S C masu nuna amincewar majalisar dattawan Rum, har launin tsatsar da ta hau kanta. In an yi dace maƙerin ya kuskure harafi ɗaya, ko fuskar sarkin ta dubi hagu maimakon dama, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo, don irin waɗannan masu tarawa ke farauta. Abu ɗaya ne ba kasafai suke faɗa ba: a wane rami aka tono ta, kuma me ke kwance kusa da ita. A ganina kuwa, rabin darajarta a cikin ramin aka baro.

Ga hujja daga cikin gidansu. A shekarar 1900 an tsinci wata kwandala a yammacin Faransa ɗauke da sunan wani sarki Domitiyanus, wanda babu shi a jerin sarakunan ƙarni na uku. Da yake ita kaɗai ce, masana da yawa suka ce jabu ce, aka yi watsi da ita shekaru da dama. Sai a 2003 wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya ci karo da tukunya a Chalgrove, kusa da Oxford ta Ingila, cike da sulalla kusan 5,000 da tsatsa ta manne su wuri guda. Bai fasa ba, bai tsince masu kyau ya kai kasuwa ba, ya miƙa ta yadda take. Da masana suka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, sai ga ta biyu mai sunan Domitiyanus a tsakiyar dunƙulen, inda hannun ɗan damfara ba zai kai ba. Nan gardama ta ƙare: mutumin ya yi ɗan gajeren mulki wajen shekarar 271. Da an ciro wannan kwandala an wanke ta an kai gwanjo, da ita ma an kira ta jabu. Tukunyar da maƙwabtanta ne suka ba ta shaida, kuma yau tana gidan tarihin Ashmolean, kowa na iya zuwa ya gani.

Mai karatu a Gangara ta Damargu, a nan Nijar, zai ce ina ruwan Damargu da Rumawa. Gaskiya ne sulallansu kaɗan ne suka ƙetaro hamada, amma ɗan kaɗan ɗin ya yi aiki. Da aka buɗe kabarin da Abzinawa ke danganta wa Tin Hinan a Abalessa cikin 1925, tambarin kuɗin Sarki Kwanstantin da aka samu a ciki yana cikin abin da ya nuna kabarin bai girmi ƙarni na huɗu ba. Sannan mu ma a da muna da namu kuɗin na jan ƙarfe. Matafiyi Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353, ya ga ana zuba ƙarfen sanda-sanda, masu kauri 400 a bakin miskalin zinariya, sirara 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da man shanu, kuma ana kai shi Gobir da Barno. Masu bincike sun gano kufan wannan sana'a a Azelik, wajen Ingal, a Marandat kuma an samu dubun dubatar ƴan tukwanen narka ƙarfe. Hanyar ayarin da ta haɗa Abzin da Damagaram da Kano ta Damargu ta ratsa, ita ce ɗan yawon bincike Barth ya biyo a farkon 1851. Ƙasar da ayari ya tattake ɗaruruwan shekaru, dole ta riƙe wani abu a cikinta.

Abin da ya sauya shi ne na'ura. Tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, na'urar gano ƙarfe ta zama kayan aikin samarinmu, ita kuwa ba ta bambanta zinariya da tsohon munduwa ko sandar jan ƙarfe, duk kuka ɗaya take yi. Abin da ya fito in ba zinariya ba ne, ɗayan biyu: ko a jefar, ko ya faɗa buhun ƴan gwangwan a auna shi a kilo tare da ruɓaɓɓen batir.  Wanda ya fi wayo kuma ya ɗauki hoto a waya ya nemi mai saye a waje, mai sayen da ba zai taɓa tambayar rami ba. Mun ga irin wannan a tsohuwar maƙabartar Bura: an gano wurin a 1975, masani Boubé Gado ya yi tono na ilimi a 1983, daga nan mahaƙa suka yi masa wasoso har sai da kayan Bura suka shiga jan jerin kayan da ke cikin haɗari na majalisar gidajen tarihi ta duniya a 2000. Kuɗin mai tarawa ne ya haƙa waɗannan ramuka, ko da bai taɓa riƙe diga ba, kuma ban yarda a wanke shi da sunan son tarihi ba.

Za a ce talaka ne ya tsinta, rabonsa ne, ga damina ba tabbas. Na yarda, shi ya sa ban ɗora masa laifin ba. Za a kuma ce masu tarawa sun adana abin da da ya lalace; sun adana ƙarfen, sun zubar da labarinsa. Laifin da ya fi girma na hukuma ne. Muna da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 da ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba izini, amma hani kaɗai ba ya sa mai jin yunwa ya kawo abin da ya samu. Ingila tun 1997 ta sa jami'ai a yankuna waɗanda aikinsu karɓar rahoton tsintuwa ne, kuma in gidan tarihi na son taskar, a biya mai tsintuwa da mai gona kuɗinta. Haka aka tsirar da tulun Frome mai sulalla 52,503 a 2010, wanda ya tsince shi ya bar shi a ƙasa har masana suka iso.

Ba mu da aljihun Ingila, amma littafin rajista a ofishin magajin garin Gangara da na Tanut da na Belbeji bai fi ƙarfinmu ba: sunan wuri, hoton abin tun yana cikin ƙasa, da ɗan lada wanda ya ɗara abin da ɗan gwangwan zai bayar. A sanar da hakimai da masu gari, a faɗa a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamajak, ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram su riƙa zagayowa suna duba littafin kowane hutu.