Ofis Ba Zaure Ba Ne

A shekarar 2020, da cutar korona ta ɓarke, Gwamnatin Tarayya ta umurci ma'aikatanta, daga mataki na 12 zuwa ƙasa, su zauna gida su riƙa aiki daga can. A 2023 kuma, da aka janye tallafin man fetur, jihohin Kwara da Edo suka rage kwanakin zuwa ofis, suka mai da su uku a mako. Larura ce ta kawo haka, ba mai musu. Amma waɗansu masu ilmin zamani sun ɗauki abin sun mai da shi abin yabo, wai ci gaba ke nan, haka Turawa ke yi.

Da fari dai, aiki a gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maɗinki a zaurensa yake yi wa riga aska takwas, baduku a ƙofar gidansa yake ɗinka sirdi. Matan kulle kuwa a tsakar gida suke soya ƙuli-ƙuli, suna dakan fura, suna ɗinkin hula, ko da yake 'yar da ke ɗaukar tallan ita ke rasa makaranta. Amfanin abin a fili yake: ba kuɗin mota, ba hayar rumfa, mutum yana ganin iyalinsa.

To, amma waɗannan duka dukiyarsu suke juyawa. In maɗinki ya yi barcin rana, aljihunsa ne zai gaya masa. Akawun hukuma fa? Albashinsa daga harajin talakawa yake fitowa, ko ya buɗe fayil ko bai buɗe ba, ƙarshen wata zai karɓa cif. Wanda zai ji a jika shi ne tsohon da ya yi sammako daga ƙauye, ya sayar da kaza ya biya mota, don a sa hannu a takardar fanshonsa. Ya iso ya tarar da kujera ba kowa, masinja ya ce masa Malam yana aiki daga gida, sai ya aika ta intanet. Mutumin da bai daɗe da koyon rubuta sunansa a ajin yaƙi da jahilci ba, shi za a ce ya aika ta intanet? A ofis ko ba kome yana iya zama a bakin ƙofa har a ji kunyarsa a sallame shi. Gidan akawu kuwa bai san hanyarsa ba, in ma ya sani, iyakarsa zaure.

Masu yabon nan kan ce ai kwamfuta ta ɗauke wahala. Kwamfuta da wuta take aiki, wutar kuwa kowa ya san halinta. Ga baƙi masu sallama, ga suna, ga jana'iza, kuma ba mai mutuncin da zai ce wa maƙwabcinsa ya koma, yana aiki. Takardun asirin jama'a, na gado da na filaye, sai su kwana kan tabarma inda yara ke wasa. Sabon akawu ma a gefen tsoho yake koyon aiki, yana kallon yadda ake shigar da wasiƙa a rajista da yadda ake karɓar mai kawo kuka.

Wanda aikinsa lissafi ne ko fassara, ba ya hulɗa da kowa, a bar shi ya zauna gida in shugabansa na duba abin da ya gama. Amma duk teburin da talaka ke zuwa gabansa, wajibi ne a sami mutum zaune a kai, daga Litinin har Jumma'a.