Ngugi wa Thiong'o bai saki Turanci ba, girki ya sake rabawa

Tun da Ngugi wa Thiong'o ya rasu a Amurka ranar 28 ga Mayun 2025, yana da shekara 87, yabo ɗaya ake ta maimaitawa a kansa, wato wai marubucin nan na Kenya ya yi wa Turanci saki uku ya koma wa harshen uwarsa, Gikuyu. Ni a ganina wannan yabo bai yi wa gaskiya adalci ba, hasali ma ya rufe mana ido daga abin da ya kamata mu lura da shi.

Ko shakka babu da Turanci ya yi suna. Littafinsa Weep Not, Child na 1964, wanda da yawanmu muka karanta a sakandare, da sunan James Ngugi ya fito. A 1977 ya fitar da Petals of Blood, inda ya yi wa masu mulkin Kenya wankin babban bargo da Turanci, amma maimakon a kama shi, sai ga ministan kuɗi Mwai Kibaki a wajen ƙaddamarwa. A wannan shekarar dai shi da Ngugi wa Mirii suka shirya wasan kwaikwayo da Gikuyu a ƙauyen Kamiriithu, manoma da leburori su ne 'yan wasa. Nan ne fa gwamnati ta ji zafi. Aka hana wasan, aka tsare shi a kurkukun Kamiti kusan shekara guda ba tare da shari'a ba. Mai karatu ya duba da kyau: sukar ɗaya ce, masu sauraro ne suka canza.

A kurkukun ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Gikuyu a kan takardar bayan gida, aka buga shi a 1980, masu iya karatu suna karanta wa waɗanda ba su iya ba a gidaje da wuraren hira. Daga 1982 ya shiga gudun hijira.

To amma wa ya mayar da wannan littafi Turanci, ya zama Devil on the Cross? Shi da kansa. Haka ya yi wa Wizard of the Crow a 2006. Haka kuma ya yi wa doguwar waƙarsa ta asalin ƙabilar Gikuyu da 'ya'ya matan kakansu, wadda ta fito da Gikuyu a 2018, ta fito da Turanci a 2020 da sunan The Perfect Nine, har ta shiga jerin farko na gasar Booker ta duniya a 2021, shi ne marubuci, shi ne mai fassara. Tarihin rayuwarsa kuwa da Turanci ya rubuta shi, kuma a jami'o'in Amurka ya ci abincinsa. Masu sukarsa sun ce wannan baki biyu ne, kuma ba zan ce ba su da ƙamshin gaskiya ba, domin mai wa'azin harshen gida daga Kalifoniya dole a yi masa tambaya. Sai dai abin da ya yi a fagen ƙirƙira a bayyane yake: Gikuyu ya mayar uwargida, ita ke fara karɓar labari da waƙa, Turanci ya biyo baya.

A nan ne batun ya shafe mu. Gikuyu ba su kai mutum miliyan 10 ba, masu jin Hausa kuwa sun ninka su sau da dama, ga marubuta birjik, ga masu karatu. Abin da muka rasa shi ne ɗan bokon da zai tsaya tsakanin harsunan biyu. Wanda ya ƙware a Turanci yana kallon littattafan Hausa a matsayin adabin kasuwar Kano, abin karatun matan aure da 'yan mata (alhali, a yi mini afuwa, da yawa cikin masu wannan raini ba su taɓa karanta ko guda har ƙarshe ba). Wanda ke rubutu da Hausa kuma ba shi da mai fitar da shi waje. Ngugi ya sha ba da labarin yadda ake dukan yara a makaranta saboda sun yi Gikuyu. Mu ma mun san wannan bulalar, kuma ga alama har yau shatarta na jikin wasunmu.

A 2016 ƙungiyar marubuta ta Jalada ta fassara wani gajeren labarinsa daga Gikuyu zuwa harsuna kusan 30, har da Hausa. Mu kuwa, da aka tashi buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi, wani ƙaramin kamfani ne a birnin Chennai na Indiya ya ɗauki nauyin aikin, ba Kano ko Zariya ba.