Babi biyar ba shi ne bincike ba

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, yau sai kun yi haƙuri da ni, zan taɓo inda yake mana ciwo.

Makon jiya na zauna a semina, wani ɗan uwanmu yana kare aikinsa na mastas. Shafi fiye da ɗari, an ɗaure shi tsaf. Sai wani malami ya ce masa: "Wace tambaya aikin nan ya amsa?" Wallahi shiru kake ji. Da muka fito ya ce wai don shi ɗan Arewa ne aka matsa masa. Na ce Malam, ka ji tsoron Allah, ko a Kano ko Sakkwato wannan tambayar za a yi maka.

Gaskiya mun mayar da babi biyar kamar fom, a cike a miƙa. Alhali kowane babi da aikinsa.

Babi na ɗaya matsala ake nema da tambayar da ta fito daga cikinta. "Ba a taɓa yi a ƙaramar hukumarmu ba" ba matsala ba ce, uzuri ne.

Babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, ba jerin "wane ya ce, wane ya ce" ba ne. Ka nuna inda masana suka haɗu, inda suka saɓa, da giɓin da suka bari. A wannan giɓin aikinka zai zauna.

Babi na uku nan ne asirinmu yake tonuwa. Aikinsa ka faɗi yadda ka yi, har wani ya iya bin sawunka ya gwada. Amma kowa Taro Yamane 1967, kowa mutum kusan 400. Ka san dalili? In ka sa kuskuren 0.05, komai yawan jama'ar lissafin ba ya wuce 400. Da yawanmu ba mu san haka ba, kwafa kawai muke yi. Mafi muni, wani zai zauna a hostel ya cike takardun tambayoyin da kansa, yana canja biro, sannan ya biya a zuba masa a SPSS.

Babi na huɗu abin da ka samo ne, ko da ya ƙaryata zatonka. Na biyar kuma ya koma ya amsa tambayar na ɗaya. In shawararka ita ce "gwamnati ta ƙara ƙoƙari", ai ba sai ka yi shekara biyu ba, mai shayi ma ya san wannan.

Sai manazarta. Mu da tun muna Islamiyya aka koya mana ba a karɓar hadisi sai da isnadi, mu ne za mu ɗauki maganar mutum mu goge sunansa? Ko Turnitin bai kama ka ba, amana ka ci.

Na san akwai sufabaizan da sai ka yi wata uku ba ka gan shi ba, ga tsadar rayuwa. Ni ma ina ciki. Amma ku duba abin da muke rubutu a kai: almajirci, mutuwar mata wajen haihuwa, rikicin manoma da makiyaya. Rayuwar iyayenmu ce. In muka ƙirƙiri alƙaluma a kansu, gobe wani ya kafa hujja da ƙaryarmu, da wane baki za mu ce ana yi wa Arewa ƙazafi?

Kafin ka sake buɗe kwamfuta, rubuta tambayar bincikenka a jimla ɗaya, da Hausa. In ta gagare ka, ba Turanci ne matsalarka ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.