TAMBARI BA YA ƊANƊANA ZUMA

Akwai wata irin zuma a duniya wadda cokali ɗaya ko biyu kan kwantar da ƙato. Ana samunta a duwatsun da ke bakin Baƙin Teku a ƙasar Turkiyya, inda mutanen wurin suke kiranta "deli bal", watau mahaukaciyar zuma, ana kuma samunta a ƙasar Nefal. Ƙudan zuma ne suke yinta kamar yadda suke yin tamu. Bambancin yana wurin furen da suka sha. A can akwai wani itace mai suna rododendaron, wanda ruwan furensa yake ɗauke da wani dafi, girayanotoksin. Ƙudan sukan kwashi ruwan furen da dafinsa su kai amya, dafin kuwa ya zauna cikin saƙa.

Wanda ya sha fiye da kima, jiri yakan ɗebe shi, ya yi ta zufa da amai, jininsa ya sauka, bugun zuciyarsa ya yi sanyi ƙwarai, wani har ya suma. Dalili shi ne dafin yana hana jijiyoyi komawa hutu bayan sun yi aiki, har da jijiyar da ke rage wa zuciya gudu. A asibitocin Turkiyya sun saba da abin. Sukan yi wa mutum ƙarin ruwa da allurar atirofin, galibi kuwa kafin kwana ɗaya ya farfaɗo. Yawancin waɗanda ake kawowa magidanta ne da suka sha da gangan, suna neman ƙarfin maza ko maganin hawan jini ko na ciwon ciki.

Ba sabon abu ba ne. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, wani jarumin Girka mai suna Zenofon ya rubuta yadda rundunarsu ta ci saƙar zuma a ƙauyukan da ke kusa da garin da yau ake kira Tirabzon. Waɗanda suka ci kaɗan suka zama kamar bugaggu, waɗanda suka ci da yawa suka zube kamar an yi yaƙi an ci su. Ba wanda ya mutu, amma sai da aka yi kwana uku zuwa huɗu kafin su miƙe sosai. A watan Agusta na 2022 an sake yin labarinta, sa'ad da aka tsinci wata 'yar beyar a lardin Duzje na Turkiyya tana tangaɗi bayan ta sha wannan zuma, aka ɗauke ta a mota zuwa wurin likitan dabbobi, hotonta ya zaga duniya.

To, mene ne ruwanmu da ita, tun da itacen nan ba ya cikin itatuwan dajinmu? Ruwanmu shi ne abin da ya faru da ita a kasuwa. Dā can zumar ƙauye ce, mai ita ya san iyakarta, yakan kuma gargaɗi baƙo. A Nefal mutanen Gurung suke sauka da tsanin igiya a fuskar dutse su yanko saƙar manyan ƙudan da ke manna gidajensu a can. Yanzu kuwa 'yan kasuwa suna zuba ta cikin kyawawan kwalabe, su sa mata suna da tambari, su sayar ta intanet ga mutanen da ba su taɓa ganin furen ba. Mai saye ya ga takarda mai ƙyalli da tambari, sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka wata hukuma ta duba. Ƙasar Koriya ta Kudu ta hana shigo da zumar Nefal tun 2005 saboda mutanen da ta kwantar. Hukumar abinci ce ta hana. Ofishin rajistar tambari ba shi da hannu a ciki, gama wannan ba aikinsa ba ne.

Nan ne muke so 'yan'uwa na ƙungiyoyin gama kai su buɗe kunne, musamman masu kiwon zuma da masu man gyaɗa da suka fara zuba kayansu cikin kwalba. Ana yawan ba mu shawara mu yi wa sunan kayanmu rajista. Shawarar tana da kyau, mu ma muna goyon bayanta. Amma da yawa cikinmu suna zaton takardar rajistar tambari shaida ce cewa gwamnati ta yarda kayan suna da kyau. Ba haka ba ne. Ma'aikacin rajista ba ya buɗe kwalba, ba ya sa yatsa ya lasa. Abin da yake dubawa shi ne ko wani ya riga ka ɗaukar sunan, ko sunan yana iya bambanta kayanka da na wasu, ko kuwa akwai ruɗi ko abin da ya saɓa wa doka a cikin sunan kansa. In ya ba ka takarda, abin da ya ba ka shi ne ikon hana wani sa sunanka a kan irin kayanka.

Akwai dai inda dokar tambari takan ja birki, misalinsa kuwa ya zo daga wata dabba dabam. A hamadar Sonora, wadda ta ratsa arewacin Meziko da jihar Arizona ta Amurka, akwai wani babban kwaɗo mai ƙulli a bayan idanunsa. In aka tsorata shi yakan fitar da farin ruwa mai dafi, wanda kan kashe kare in ya cafke shi da baki. Cikin ruwan nan akwai wani sinadari mai suna 5-MeO-DMT da ke gusar da hankalin mutum gaba ɗaya na ɗan lokaci. Mutane suka shiga farautar kwaɗon suna tatsarsa, har masu kula da namun daji suka fara nuna damuwa cewa ana ƙarar da shi. A 2022 hukumar gandun daji ta Amurka sai da ta fito fili ta roƙi masu yawon buɗe ido su daina lasar kwaɗi. Abin dariya ne a ji, amma ba don wasa suka faɗa ba. Tun 2011 Amurka ta sa sinadarin cikin jeri na farko na ƙwayoyin da ta haramta. A ƙa'idar ofishin tambarinsu kuwa, ba a yi wa suna rajista a kan kayan da dokar tarayya ta hana sayarwa. Da wannan ƙa'ida suka sha ƙin masu son sa tambari a kan tabar wiwi, ko da jihar mai neman ta halatta ta. Saboda haka mai tatsar kwaɗo ba zai sami rajista a kan dafinsa ba. Amma ku lura, wata doka ce ta riga ta ce abin haram ne, sa'an nan ofishin tambari ya bi sahu. Dafin mahaukaciyar zuma ba ya cikin wannan jeri, shi ya sa ake ganinta a kasuwa da sunaye iri iri.

Mu ma a nan mun sha jin labarin samarin da ke busa kashin ƙadangare don su bugu. Ba wanda ya zuba shi cikin kwalba ya sa masa suna, don haka kowa ya san ƙazanta ce. Ran da wani mai wayo ya naɗe irin wannan abu cikin takarda mai kyau ya kira shi maganin gargajiya, ran nan za a ga dattawa ma suna saye. Muna ganin haka kowace ranar kasuwa a kan magungunan ƙarfin maza da ake tallarsu da lasifika.

Sai batun wane irin suna ne mutum zai iya mallaka. A nan ma zuma ce ta ba da darasi, a ƙasar Niyu Zilan. Suna da wata zuma mai tsada ƙwarai da ake kira manuka, daga furen wani itace mai wannan suna a harshen Mawori, mutanen ƙasar na asali. A 2015 wata ƙungiyar masu zuma ta ƙasar ta nemi a yi mata rajistar sunan, domin kada kowa ya kira zumarsa manuka sai wadda aka yi a Niyu Zilan. Masu kiwon zuma na Ostireliya suka ce ba su yarda ba, gama itacen yana tsirowa a ƙasarsu, su ma kuwa sun daɗe suna kiran zumarsu haka. Aka yi shekaru ana shari'a, aka kashe kuɗi masu yawa. Ofishin Birtaniya ya ƙi roƙon a ƙarshen 2021. A watan Mayu na 2023 ofishin Niyu Zilan da kansa ya ƙi, ya ce kalmar tana bayyana irin zumar ne, ba ta nuna wanda ya yi ta ba.

A ƙasar nan ɗaya kuma akwai wani tsiro mai dafi, tutu. Wani ɗan ƙwaro yakan tsotse shi ya bar zaƙi a ganye, ƙudan zuma su kwasa. A 2008 mutum 22 suka kamu da ciwo bayan sun ci saƙar zuma daga yankin Koromandel, wasu har da farfaɗiya. Abin da ya biyo baya doka ce ta abinci, wadda ta ƙayyade yawan dafin da aka yarda a samu cikin zuma, ta kuma ɗora wa masu amya nauyin gwaji ko kiyaye lokacin ɗiba. Ga ƙasa guda da dokoki biyu, ɗaya tana tsaron suna, ɗaya tana tsaron cikin mai sha, kowace da ofishinta.

Haka yake a wurinmu. A Nijeriya dokar tambari ta 1965 ce ake aiki da ita, ofishin rajista kuwa yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki. Zuma tana aji na 30 a rabon kayayyaki. Rajistar farko ta shekara 7 ce, bayan haka a riƙa sabuntawa kowace shekara 14. Lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, wani abu ne dabam, ita ce ta shafi abin da ke cikin kwalba da tsabtar wurin da aka zuba shi. Ƙungiyar da ta sami ɗaya ba ta sami ɗayan ba. Kada kuma mu ɓata kuɗi wajen neman mallakar suna kamar "Zumar Daji" ko "Farar Saƙa", gama waɗannan kalmomin kowa ne, kamar manuka. Sunan gari ma doka ba ta cika yarda mutum ɗaya ya riƙe shi ba. Gara a ƙirƙiro suna da zane waɗanda ba na kowa ba. A sani kuma rajistar Abuja ta tsaya a iyakar Nijeriya. Wanda yake kai kaya Maraɗi ko Garwa, wani ofishi ne ya shafe shi, watau OAPI da ke Yawunde, wanda rajistarsa ɗaya take aiki a ƙasashe 17, har da Nijar da Kamaru da Cadi.

Wani zai ce, in tambari ba ya tabbatar da kyawun kaya, don me za mu wahala? Ga ƙaramar ƙungiyar da ke sayar wa maƙwabta a bakin majami'a, gaskiya ne babu gaggawa, fuskar mai sayarwa ta isa. Amma da zarar kwalbarmu ta hau mota ta tafi birni inda ba a san mu ba, sunan nan shi ne fuskarmu. In zumar ta yi suna, ba za a daɗe ba wani zai dafa sukari ya zuba cikin kwalba mai kama da tamu. In ba rajista, sai mun sha wahalar kawo shaidu a kotu cewa jama'a sun san sunan namu ne. In da rajista, takarda ce za ta fara magana.

Abin da ya fi burge mu shi ne hanyar da masu zumar Oku suka bi a arewa maso yammacin Kamaru. Farar zuma ce mai kauri daga dajin dutsen Kilum-Ijim. A 2013 OAPI ta yi mata rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da wurin da aka yi su, kamar yadda daga baya aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi. A irin wannan rajista sunan na dukan masu sana'ar yankin ne, amma akwai rubutacciyar ƙa'ida ta inda za a kafa amya da yadda za a tace zuma, wanda ya karya kuwa ba shi da ikon sa sunan. Dokar Nijeriya ma ta tanadi tambarin shaida, wanda ake shigar da ƙa'idodinsa tare da takardar nema. A nan ne kaɗai suna da abin da ke cikin kwalba suke haɗuwa a takarda ɗaya. Duk da haka masu sana'ar ne za su riƙa bin gida gida suna dubawa, ma'aikacin ofishi ba zai hau dutse ba.

Saboda haka shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce, kafin a tara kuɗin rajista a zauna a rubuta ƙa'ida. Dajinmu ba shi da rododendaron, amma muna da gonakin auduga da wake da ake yi wa feshi, ƙudan kuwa ba su san iyakar gona ba. Muna da masu korar ƙuda da maganin ƙwari maimakon hayaƙi, da masu zuba zuma cikin jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, da masu yankan saƙa tun ba ta nuna ba, ta zo ta yi tsami a hannun mai saye. Mutum ɗaya cikin talatin ya yi haka, sunan talatin ɗin ne a jikin kwalbar. A rubuta tun yau abin da za a yi wa wanda aka kama, tun ba a san ko ɗan wane ne ba, gama in aka bari sai ya faru, zumunci zai ɗaure bakin kowa. Magatakarda ya riƙe littafi, kowace jarka da aka kawo a rubuta sunan mai ita da wurin amyarsa da ranar ɗiba, a ba ta lamba, a sa lambar a jikin kwalaben da aka cika daga cikinta, a kuma ajiye 'yar kwalba ɗaya a ofis daga kowace jarka har sai an sayar da sauran duka.