Kada a bar kwamfuta tana barci inda wuta ba ta da tabbas

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke zuwa hannun malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da masu shagon buga takardu a Sabon Birni da Isa suna zuwa ne da saiti guda: da zarar an rufe murfi, sai na'urar ta shiga barci. Waɗanda suka tsara haka sun yi shi ne domin mutumin da zai iske soket mai wuta duk inda ya zauna. A ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato kuwa, inda janareta da sola suka fi wutar Nepa amfani, wannan saiti hasara yake jawowa, kuma ya kamata a canza shi.

Dalili yana cikin yadda barcin yake aiki. Duk abin da mutum ya buɗe, takardar sakamakon ɗalibai ce ko rajistar marasa lafiya, yana zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM, ita kuwa ba ta riƙe komai sai da wuta. Saboda haka kwamfutar da ke barci kamar garwashi ce da aka rufe da toka: ba ta mutu ba, tana ci a hankali. Abin da take sha kaɗan ne, amma batirin kwamfuta ta hannu, wanda zafin Afrilu mai haura digiri 40 ya riga ya gajiyar, ba ya jure kwana biyu a haka. Ta tebur da ba ta da batir kuwa, janareta na mutuwa aikin da ba a adana ba yana iya tafiya. Akwai kuma sababbin kwamfutocin Windows waɗanda barcinsu rabi ne, suna iya farkawa cikin jaka su yi zafi har caji ya ƙare. Mafita tana cikin na'urar tun tuni, wato dogon barcin da allon ke nunawa da sunan Hibernate. Shi yana kwashe abin da ke RAM ya rubuta a rumbun ajiya, sannan ya kashe kwamfutar ɗungurungum. Ko bayan mako guda aka kunna, aiki na nan inda aka tsaya. Abin takaici, Windows 10 da 11 sukan ɓoye shi, sai an shiga saitin wuta an fito da shi.

Za a ce dogon barci yana da jinkirin tashi. Gaskiya ne, musamman a tsohuwar kwamfuta. To amma a auna jiran daƙiƙoƙi da sake buga jerin sunayen aji guda tun daga farko, da man da za a ƙona wajen yin hakan. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace lita tana da nauyi a aljihun mai shago. Mutanen yankin kuma ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da matsalar 'yan bindiga ta sa gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Sabon Birni da Isa. Wanda ya ga haka ya san caji abin tattali ne.

Wasu za su ce sola ta raba gardama. Ta taimaka ƙwarai, sai dai ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, batiran inbata kuma suna tsufa, yawanci cikin dare suke sarewa, daidai lokacin da kwamfutar ke barci ba mai kallo. Masu cewa a riƙa kashe ta gaba ɗaya sun fi kusa da gaskiya, kuma yin hakan lokaci-lokaci yana da amfani. Amma ma'aikacin da wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar aiki ba shi da sukunin rufe shafuka goma ɗaya bayan ɗaya. Rufe murfi kawai zai yi, don haka abin da murfin ke yi shi ne abin gyarawa.

Nauyin yana kan masu raba kwamfutoci ga makarantu da cibiyoyin lafiya, da masu gyara da ke sa Windows. Kafin su miƙa na'ura, su saita rufe murfi ya zama dogon barci, su bar gajeren barci ga tashin minti goma zuwa salla ko cin abinci, sannan su nuna wa mai ita yadda zai riƙa adana aikinsa kafin ya tashi.